Gidan abincin Turkawa a Maraɗi: abin da aka kawo mana da abin da aka baro a Santambul

Ina cikin waɗanda suka yi murna da buɗe gidan abincin Turkawa a Maraɗi, kuma ba na tare da masu cewa almubazzaranci ne ko kwaikwayon baƙi. Ai hanya ta daɗe da buɗewa. A 2012 Turkiyya ta buɗe ofishin jakadancinta a Yamai, a ƙarshen shekarar jiragen Turkish Airlines suka fara sauka can, a farkon 2013 Erdogan ya kawo ziyara yana firaminista, kuma kamfanin Summa na Turkawa ne ya sabunta filin jirgin Diori Hamani kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Alhazan Maraɗi da hajiyoyinta sun san lungunan unguwannin Laleli da Aksaray a Santambul, inda nake aikin haɗa musu kaya ina turawa gida. Wanda ya saba ɗauko abaya da takalma da labule daga gari, ba mamaki wata rana ya ɗauko girkinsa. Abin da ke damuna shi ne abincin tarbar baƙi aka kawo mana, aka baro wanda ya fi cancanta mu ɗauko.

Da na je gida hutu ƙanena ya matsa sai ya kai ni, in ɗanɗana in faɗa masa ko na gaske ne. Wuri ne tsaf, da sanyin na'ura, tebura a jere, ma'aikata da riga iri ɗaya. Muka nemi kebab irin na Adana da lahmajun, wato siririn burodi da ake shafa wa niƙaƙƙen nama a gasa, sai na tashi na je bakin wuta in ga hannun mai gashin. Yaro ne ɗan gari, ɗan mahauta. Ya jiƙa hannu a ruwa, ya danƙo naman da aka daddatsa da wuƙa aka cuɗa da kitse da jan barkono, ya manna shi a faffaɗan tsinken ƙarfe, yana matsawa da yatsu yana barin gurbi-gurbi, ya ɗora bisa garwashi. Da kitse ya fara ɗiga sai ya ɗauko shimfiɗaɗɗen burodi ya danna a kan naman ya shanye man, ya mayar da tsinken wuta. Haka ake yi a can, bai rage komai ba. Naman kuwa ragonmu ne, albasar ta Galmi ce, kuma wallahi ya fi wanda nake iya saye a Santambul daɗi, don jan nama a can tsada gare shi, talaka kaza yake bi.

Ƙanena ya kurɓi airan ya yamutsa fuska. “Yaya, wannan ai nono ne aka tsinka aka zuba mishi gishiri. A kawo mini sukari.” Baklawar da aka kawo daga baya, wato kayan zaƙin Turkawa na fulawa da ruwan sukari, da gyaɗa aka yi ta, don ɗan koren ƙwallon nan na fistik da ake sa wa ta Gaziantep sai an yo shi daga nesa da tsada. Na tambayi yaron da ke mana hidima, ya rage murya ya ce e, gyaɗa ce, kamar mai neman afuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Garin da cinikin gyaɗa ya ɗaga shi a shekarun 1950 da 1960, garin ƙuli-ƙuli da tunkuza, a nan ake jin nauyin ambaton gyaɗa! Da nawa ne wurin, da manyan baƙaƙe zan rubuta ta a takardar abinci, baklawar gyaɗar Maraɗi, don ta yi daɗi, kuma ba a samunta a Gaziantep.

Da aka kawo lissafi na san cewa ba wurin ɗan kabu-kabu ba ne, ba na malamin lakwal mai jiran ƙarshen wata ba. Ban ga laifin masu wurin ba, haya da injin wuta da firiji duk cikin faranti suke fitowa. Amma kada wanda bai taɓa zuwa Turkiyya ba ya zaci haka Baturke yake ci kullum. Kebab da baklawa abincin fita ne, na ranar da aka yi baƙo ko aka karɓi albashi. Abincin ranar aiki yana lokanta, wato gidan abincinsu na yau da kullum.

Akwai wadda nake zuwa kusa da wurin aikinmu. Kana shiga za ka tarar da dogon kanta da gilashi a gabansa, tirori a jere bisa ruwan zafi suna tururi: farin wake da miyar tumatir, shinkafa da man shanu, miyar adas da ake matsa wa lemon tsami, gauta irin tasu doguwa da aka cusa wa nama, har da kuɓewa, ƙanana da ake dafawa ɗungurungum ba a yanka ba. Ka ɗauki tire, ka nuna da yatsa, a zuba maka. Kwandon burodi na kan tebur. Ɗan dakon da ya sauke katon-katon tun safe yana zaune, mai kantin da ya yi wa dakon yana tebur na kusa, cokali iri ɗaya, kujera iri ɗaya. Farashi a rubuce yake, kuma tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa shi a bakin ƙofa da kan tebura. Babu abin da ke cikin tirorin nan da uwar mai wurin ba ta dafawa a gida. Tuwonsu da miyarsu ne suka yi wa ɗaki, suka sa wa gilashi, suka wanke wa ƙasa.

Ba wai suna cikin wadata ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoba na 2022 bisa alƙaluman gwamnatinsu, kuma a shekarar ne hukumar birnin Santambul ta fara buɗe nata gidajen abinci masu rahusa, inda za ka ga dattawa 'yan fansho sun yi layi tun kafin azahar. Amma ko a nan ɗin, zama ake a ci bisa tebur mai tsabta.

To mu fa? Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san inda ake samun tuwon hatsi da miyar kuka da ba a mantawa, ya san mai kwaɗon zogalen Jiratawa, ya san mai balangun da ake jira ya buɗe takarda bayan magariba, da mai soya kifin Madarunfa. Girkin ba shi da makusa. Wurin ne matsala: benci a bakin gudron, ƙurar hunturu na sauka cikin miya, ƙuda a lokacin mangwaro, roba ɗaya ta wanke hannu da mutum goma suka riga ka tsoma nasu. Kuma ba zan ɗora wa matan nan laifi ba. Tun kafin asuba suke hura wuta, ruwa a hannun ɗan garuwa suke saye, jarin yau cinikin jiya ne. Masu kuɗin garin kuwa sun gwammace su gina shaguna da gidajen mai, sayar da tuwo a ganinsu ba sana'ar mai babbar riga ba ce. Ga shi baƙo ya zo ya sayar mana da ragonmu a faranti, su ne kuma a sahun gaba wajen saye.

Wani abin da na gani a daren ya fi kebab ɗin muhimmanci a wurina. Na ga magidanci da matarsa da 'ya'yansu a tebur ɗaya, na ga wata hajiya da 'yan matanta suna shan shayi a ƙananan kofunan gilashi. A garinmu an ɗauka cin abinci a waje na gwauro ne da matafiyi, magidancin da aka gani a wajen mai tuwo sai an tambaya ko lafiya a gidansa. Mace mai kamun kai kuwa ba ta da inda za ta zauna, sai dai ta aiki yaro da kwano. Turkawa ma Musulmi ne, kuma a gidajen abincinsu da yawa, musamman a garuruwan Anadolu, akwai ɓangaren iyali, sau da yawa a bene, inda mata da yara ke zama a natse. Ashe mutanenmu ba fitar suke ƙi ba. Wurin da zai tsare musu mutunci suka rasa, da suka samu ga su nan sun fito.

Sannan ga yadda suke riƙe sunan garuruwansu a bakin faranti. Kebab na Adana, Iskandar na Bursa da ake danganta farkonsa da 1867, baklawar Gaziantep da Tarayyar Turai ta yi wa rajista a 2013. Mu ma kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu irin wannan rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, jar akuyar Maraɗi kuwa fatarta ta daɗe da yin suna har Turai. Amma baƙon da ya sauka daga Katsina ta Ɗan Isa, ko malamin da ya zo taro Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, gida nawa za ka iya kai shi ya zauna ya ci dambu da kilishi da cuku, ya sha fura mai sanyi, ƙarƙashin rufi ɗaya?

Na san za a ce da zarar an sa wa tuwo tebur da gilashi ya fi ƙarfin talaka. Lokanta ba da tsada take rayuwa ba, da yawan masu shiga take rayuwa. Girki kala kaɗan ne, sau ɗaya ake ɗora shi da safe, kafin la'asar tirori sun ƙare an wanke an rufe, ba sauran da zai kwana balle a nemi firiji. Gefen babbar kasuwa da tashoshin mota da bakin jami'a duk akwai jama'ar da za ta ɗauki irin wannan wuri. Sharaɗina ɗaya: matan da ke da girkin su zama masu rabo a ciki, kada a karɓe musu ciniki a mayar da su 'yan wanke-wanke.

Gwaggona tuwo take sayarwa kusa da wata tasha tun ina yaro. Na nuna mata hoton lokantar a wayata, ta daɗe tana kallon kantar gilashin, tana tambayata yadda ake sa ruwan ƙasan ya zauna da zafi. Ta ce, “Ɗana, ni ba na'urar sanyi nake so ba. A sama mini ɗaki mai ƙofa da taga da raga, da famfo nawa na kaina, da wannan gilashin. Sauran aikin ai na iya shi.” Ni da ƙanena mun riga mun je wajen mai walda ya auna mana kantar, gilashin kuma an ce sai an yanko shi daga Katsina.