Naka Yana 3001

Kun san akwatin zaɓen kwanan watan nan da na gina da React (kayan aikin ƙera shafukan intanet), wanda Oga ya ce a riƙa ɗora shi a kowace manhaja tamu maimakon kowa ya ƙera nasa? To shi ne ya tashi yana mai da Maris Fabrairu. Abin ba wuya: JavaScript, yaren da muke rubuta manhajar da shi, daga sifili yake fara ƙirga watanni, Janairu 0, Disamba 11. Na ƙara ɗaya, na kunna Jest, manhajar gwada aiki, gwaji duk ya yi kore. Na leƙa burauza, Fabrairu na nan daram.

Na zuba console.log, umarnin da ke buga saƙo don ka ga abin da manhaja ke yi, layi-layi, ko ɗaya bai fito ba. Na goge node_modules, foldar kayan da aikin ya dogara da su, na sake sauke su ta npm install da datata, don kun san halin intanet ɗin ofis. Fabrairu dai. Nan na miƙe tsaye na fara wa'azi cewa ciwon daga React ɗin ne kansa, yau sai na kai ƙara GitHub, shafin da masu React ke karɓar ƙorafi. Har Oga ya fito da kofin shayinsa yana gyaɗa kai.

Sai ga yarinyar nan 'yar bautar ƙasa ta zo aron caja. Ta tsaya bayana, ta ɗan leƙa, ta ce, "Yaya, ba katsalandan ba, 3000 kake kallo. Naka yana 3001."

Da raɗa ta faɗa min, da na sa mata albarka. A'a, da muryar kiran dalibai asambili ta faɗa, har da sa yatsa a kan allon, farcen nan ja da lalle, daidai kan localhost:3000, adireshin da ke saman burauza, wanda lambarsa ke nuna kwafin aikin da kake kallo. Ofis ya yi tsit. Oga ya kurɓi shayi, ya ce, "To, a fasa kai ƙarar ke nan?" Na canza sifili ɗaya zuwa 1, Maris ya fito tas. Ta kuma ƙara da, "Ai yana faruwa da kowa, Yaya." Wannan ce ta fi ƙona min rai.

Amma wa ya mamaye 3000 ɗin? Mutuminku na bakin taga. Da safe ya ari kwamfutata wai minti biyu, ya sauke tsohon kwafi a wata folda daban, ya kunna, ya bar shi yana gudu. Shi ya sa nawa ya koma lamba ta gaba. Kuma yana zaune yana kallona ina ƙona data, yana cin gyaɗa. Shi ne fa ya fi kowa dariya, har da dukan tebur. Mutumin da ko gwaji ɗaya bai taɓa rubutawa ba, kullum "ai a wajena yana aiki". Kuɗin tsiren sallar bara ma har yau shiru, na dai kyale ne saboda surukinsa.

Na ce ya biya ni kuɗin data, ya ce sai ƙarshen wata. Cajar ma ba a dawo min da ita ba, kuma ni ba zan je tambaya ba.