Kafin a ɗora shirin a dandamali

Na ga labarin cewa za a mayar da shiri mai dogon zango wasan dandamali mai waƙoƙi. Abin farin ciki ne, amma don Allah masu shiryawa su fara da lissafin lokaci. Zango guda mai kashi 13, kowanne minti 45, ya kusa awa 10. Dandamali kuwa awa biyu da rabi ne har da hutun tsakiya. Waƙoƙi 15 masu minti huɗu-huɗu sun cinye awa guda. To, dole a zaɓi rigima ɗaya tak, a zubar da sauran, a haɗe ƙananan taurari biyu ko uku su zama mutum guda.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gurbin waƙa. A talabijin kyamara ce ke matsowa fuskar jaruma mu ga hawayenta, amma na kujerar baya ba zai gani ba. Waƙar ce za ta yi wannan aikin. Duk waƙar da za a cire labari bai girgiza ba, ba ta da wurin zama.

Sai murya. Jarumin da ya saba bin waƙar da wani ya rera a sutudiyo, numfashinsa zai ƙare idan ya haɗa rawa da rerawa kai tsaye. A ba su akalla mako shida na atisaye, a kuma tanadi makirfo na ko-ta-kwana, domin gumi yana toshe wanda ake maƙalawa a kunci.