Don na ce littafi da gyara, sai a tara min jama'a?

Naira dubu ɗaya na tura, na aika shaidar biya, aka saka ni a zauren WhatsApp ɗin da ake sakin littafin shafi-shafi. Ban roƙa ba, ba kuma karatun sata na yi ba. To don Allah wanda ya sayi kaya da guminsa ba shi da bakin cewa an yi masa algus?

Abin da na rubuta bai kai layi goma ba. Na ma fara da yabo, na ce labarin ya ɗauko daɗi. Sai na ce amma baiwar Allahn nan da ta rubuta shi ba ta san Jos ba. Ta sa tauraruwarta tana sharce gumi a Anguwar Rogo tsakiyar Disamba, lokacin da mu ko ruwan alwala sai mun ɗora a wuta. Ta hau da ita saman bene a babbar kasuwar Terminus sayen kayan lefe, tana latsa wayar zamani, alhali kasuwar nan ta ƙone tun Fabrairun 2002. Sannan kakar da aka yi wa sadakar uku a shafi na 12 ta dawo a shafi na 30 tana dama fura. Ba fatalwa ba ce, mantuwa ce kawai.

Kafin in sallame isha'i marubuciyar ta ɗauki hoton rubutuna, har da sunana da fuskata, ta manna a Facebook tana kiran masoyanta su zo su ga mahassada. Kai jama'a! Wata ta tono hotona na bikin ƙanwata tana kushe min ɗaurin ɗankwali. Wani ƙato da bai karanta ko shafi ɗaya ba ya ce da gani ba ni da miji. Sauran kuwa baki ɗaya: in na isa in rubuta nawa. Ashe sai na iya ɗinki kafin in ce tela ya ɓata min atamfa? Ita kuma tana bin kowane zagi tana danna masa alamar zuciya. A duk wannan hayaniya babu wanda ya ce uffan kan kakar da ta tashi daga kabari.

Suka ba yau aka fara ba. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayya Adabin Kasuwar Kano, abin ya yi wa marubuta ciwo sosai. Amma irin su Abdalla Uba Adamu alƙalami suka ɗauka, aka yi ta musayar hujja a jaridu, har yau ɗalibai na karanta muhawarar. Hajiya marubuciya, da hujja kika kawo, ko da cewa kika yi da gangan kika sauya yanayin garin, wallahi da na saurara.

Da asuba na duba wayata, an cire ni daga zauren. A shafi na 34 aka tsaya da ni, littafin kuma bai ƙare ba. Na yi wa mai karɓar kuɗin magana sau uku, ko a maida ni ko a dawo min da dubu ɗayata. Ta karanta, na ga alamar ta yi shuɗi, sannan ta toshe ni.