Yadda akuya ta kusa kai ni gaban alƙali

Ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Zariya ta yanke shawarar a riƙa fitar da takardar labarai duk ƙarshen wata, a manna a allon masallaci, sauran a raba wa masu shaguna. Da aka zo batun edita, kowa ya juyo yana kallona, ba don na fi kowa iya rubutu ba, sai don ni ke da firinta a shago. Wani dattijo ya ƙara da cewa ai a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, saboda haka aikin jarida gadonmu ne. Nan take kaina ya kumbura, na karɓa.

A daren na tsara ƙa'idoji, na buga da manyan baƙaƙe, na liƙa a ƙofar shago. Kada saƙo ya wuce kalma 100. Ban da siyasa. Ban da tallar magani sai mai lambar NAFDAC. Ban da kama sunan wani da sharri. Na samu kwalin taliya na huda masa baki, ya zama akwatin saƙo.

Wadda ta fara zuwa wata Hajiya ce da sanarwar auren jikarta. Iyalan marigayi wane, da na marigayi wane, da na Alhaji wane na Sabon Gari, da surukansu na Samaru. Sai da na juya takardar kafin na ga sunan amarya da ango.

Na ce, "Hajiya, sai fa an rage."

Ta miƙo mini birona da kanta. "To ɗan nan, soke wanda ka ga dama. In ka soke, sai ka je gidansa ka faɗa masa da bakinka."

Ban soke kowa ba. Na dai matse rubutun har ya koma kamar ƙwan kiyashi, liman ya aiko yaro yana tambaya ko laya muka manna masa a allo.

Ƙa'idar kama suna kuwa da ita na fi taƙama, don ɗan yayana da ke karatun lauya a jami'ar ABU, harabar Kongo, ya gaya mini ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, mutum yana iya shan ɗaurin shekara biyu. Ana nan sai ga cigiya a kwali, da kyakkyawan rubutu: "Ana cigiyar akuya ja mai farin goshi. An ga shigarta wani gida mai koren ƙyaure kusa da famfon burtsatse, ba a ga fitarta ba. Ranar Talata an ji ƙamshin farfesu a layin, alhali ba suna ba biki."

Na ƙirga, ba ta kai kalma 50 ba. Siyasa babu, magani babu, sunan kowa babu. Na buga.

Koren ƙyaure ɗaya ne tak a duk unguwar. Ko rufe shago ban yi ba mai gidan ya iso, babbar riga a saɓe, 'ya'yansa maza biyu a bayansa.

"Malam edita, ni ka mayar ɓarawon akuya?"

"Haba Alhaji, duba da kyau, ina sunanka a nan?"

"Ƙyaurena fa? Na ubanka ne?"

Na kira ɗan lauyan namu a waya ya zo ya kare ni. Yaron nan, wanda ni nake tura masa kuɗin handawut, ya ce, "Kawu, ai in mutane sun gane wanda ake nufi, ko ba suna an ɓata suna." Kuma wayar a sifika take. Alhaji ya gyara tsayuwa.

Allah ya taimake ni, kafin maganar ta kai caji ofis akuyar ta ɓullo da kanta daga wani kango, da 'ya'ya biyu suna bin ta. Haihuwa ta je yi. Farfesun kuwa na kan saniya ne, Alhaji ya saya da kuɗinsa. Wata mai zuwa na buga ban haƙuri a saman shafi, shi kuma ya sa aka shafe ƙyauren da shuɗin fenti, ya aiko mini da lissafin kuɗin fentin a cikin kwali.

Mai maganin basir bai ba ni wahala ba. Ya kawo tallarsa da lambar NAFDAC cif, sai dai lambar ta yi mini kama da wadda na sani. Ina ɗaga ledar fiya wata da nake sha, ga ta nan. Ya ce ai da wannan ruwan yake jiƙa maganin.

Wanda ya gagare ni shi ne mai neman kansila. Bai taɓa aiko da siyasa ba, ta'aziyya kawai. Duk wanda ya rasu a unguwa, sai ga yaransa da saƙon jaje, hotonsa ya ninka na mamacin, yana murmushi ya ɗaga yatsu. Watan da ba a yi rasuwa ba ya aiko yana taya mai akuya murnar samun ƙaruwa. Na karanta ƙa'idojina daga sama har ƙasa, babu inda na hana yi wa akuya barka.

A taron ƙungiya na gaba na miƙa takardar ajiye aiki, na zayyana duk abin da na sha, ban rage kowa ba. Mai unguwa ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi-layi, leɓensa na motsi, jama'a sun yi tsit. Can ya ninke ta ya miƙo mini.

"Malam edita, wannan ta haura kalma 300, kuma ka kama sunan mutum huɗu da sharri. Je ka rage, ka sa a kwali, sai mu duba wata mai zuwa."