Ranar da Minjirya Ta Karɓi Baƙuncina a Gulbin Rima

Duk wanda yake zama a majalisarmu ta ƙofar gidan Kawu ya san cewa tun da na dawo daga Umara a bara ban bar kowa ya sha shayinsa cikin natsuwa ba, saboda labarin nutson da na yi a Bahar Maliya. A taƙaice, kwana biyu suka rage mana a Jidda kafin jirgi, sai wani abokin tafiya ya ja ni zuwa Ubhur da ke arewacin birnin, aka goya mini tukunyar iska, aka ɗaura mini ɗamarar dalma a ƙugu, wani malamin nutso ɗan Sudan ya sauka da ni ƙarƙashin teku. Minti 35 muka yi, kuma ba mu wuce zurfin mita 10 ba, domin ɗan koyo na ranar farko ba a yarda ya wuce mita 12. Amma waɗannan mintuna sun ishe ni hirar wata huɗu.

Abin da na gani ban yi ƙarya a kansa ba. Ruwan garai-garai yake, har mutum yana hango abin da ke nesa da shi da kusan mita 20. Na ga wani kifi mai launin kore da shuɗi, mai baki irin na aku, yana ɓantarar murjani, kuma ina jin ƙarar taunarsa a cikin ruwa kamar yaro yana cin aya, daga baya ya kasayar da shi yashi fari tas. Na ga wani dogon kifi mai kama da maciji ya leƙo daga rami yana buɗe baki yana rufewa, na ɗauka zagina yake yi, ashe numfashinsa ke nan. Na ga talibambam, ɗan'uwan namu na gulbi, amma wanda ya samu cin duniya. Na kuma lura cewa jan launi yana dushewa tun daga wajen mita 5, har jan igiyar agogona ta koma kamar ƙasa-ƙasa.

Daga nan na zama malami. Na koya wa majalisa cewa a zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na doron ƙasa sau biyu, shi ya sa ake toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe. Na koya musu cewa mai shaƙa daga tukunya ba ya riƙe numfashi lokacin hawa sama, domin iskar da ke huhunsa kumbura take yi, kuma bayan nutso sai an jira aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama. Abin da ban faɗa musu ba shi ne, ɗan Sudan ɗin nan yana riƙe da wuyan tukunyata daga farko har ƙarshe kamar akuyar da za a kai kara, kuma sau biyu ina ɗaga masa babban yatsa don murna yana haurowa da ni, saboda a wurin masu nutso wannan alama tana nufin a koma sama. Kuskurena ɗaya a majalisa shi ne da na ce gilashin fuska yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin ruwa. Taubashina, wanda kowa ya san wanda nake nufi, ya kama wannan magana ya riƙe, ya ce ke nan duk kifin da na ba da labarinsa a cire masa sulusi saboda gilashi, abin da ya rage kuma a cire rabi saboda bakina.

Na dawo da tsarabar gilashin fuska, da bututun shaƙar iska, da takalman roba masu faɗi da yaran gidanmu suka sa wa suna ƙafar agwagwa. Tukunya kuwa ta fi ƙarfin aljihuna da kilon jirgi.

Wata Asabar cikin watan Janairu, sanyin hunturu yana tsakiyar aikinsa, aka aiko cewa gaɓa ta zabtare a fadamar Kawu da ke wajen Kwalkwalawa, a bakin Gulbin Rima kusa da Sakkwato, injin ban ruwan albasarsa ya gangara cikin gulbi. Kawu ya riga ya ce a kira Sarkawa, sai taubashina ya gyara zama ya ce, "Kawu, mi za a yi da Sarkawa a kashe kuɗi, ga bawana nan da ya gaisa da kihin Makka hannu da hannu?" Kawu ya dube ni da irin kallon nan na mai fatan alheri, ya ce, "Ɗana, za ka iya?" Da a ce ni da Kawu ne kawai da na faɗi gaskiya, amma mutum goma sha ne a kan tabarma, sai na ji bakina ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Kafin mu isa, labari ya riga mu. Masu noman rani sun bar kwaminsu, masu wankin babur sun matso, yara sun hau kan gaɓa, wani tsohon Basarke kuma yana zaune a cikin kwalekwalensa yana gyaran koma, shi da wani jikansa da bai wuce shekara 12 ba. Na tuɓe na saura daga ni sai gajeren wando da singileti, iska tana yanka ni, na zauna na sa ƙafar agwagwa. Sannan na ɗauki gilashin na tofa yawu a ciki na murza da yatsa, kamar yadda ake yi don kada ya yi hazo. Nan take wani dattijo ya cire hularsa ya ce amin, wasu suka amsa, domin sun ɗauka tofin addu'a nake yi. Ban gyara musu ba, kuma ina ganin a duk ranar wannan ne lokaci na ƙarshe da aka dube ni da mutunci.

Ɗan Sudan ya gaya mini cewa wanda ya sa waɗannan takalma da baya da baya yake tafiya, amma na ga bai dace mutum ya juya wa gulbi baya a gaban jama'a ba. Na ɗaga ƙafar dama na taka, na ɗaga ta hagu, bakin takalmin ya kafe a cikin taɓo, sai ga ni rub da ciki a inda ruwa bai kai gwiwa ba. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi don a tabbatar mutum bai karye ba, sannan wani yaro ya tambaya da ƙarfi ko an fara nutson ke nan. Na miƙe, na wanke fuska, na juya na shiga da baya kamar yadda ya kamata tun farko, ina fuskantar mutanen da nake so in guje wa idonsu, kuma a sahun gaba ga taubashina ya ɗaga waya.

Dole in tsaya a kan wannan mutum. Shekara arba'in ke nan ina tare da shi, kuma ban taɓa ganin ruwa ya wuce idon sawunsa ba sai a bayan gida. Shekarar da muka je kallon bikin kamun kifi na Argungu, lokacin da masunta suka ruga cikin Matan Fada da gora da homa, shi yana can bayan masu sayar da rake, wai yana tsaron takalmanmu, alhali takalman suna ƙafafunmu. Lokacin ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka koma shiga kwalekwale, wata guda ya yi bai je ya gaida mahaifiyarsa ba, yana aika gaisuwa ta bakin yara. Wannan shi ne mutumin da ya tsaya a busasshiyar ƙasa, cikin babbar riga da rawani a wuya, yana yi wa waya bayani da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo, yana cewa jama'a ga kwaɗon Bahar Maliya ya sauka Sakkwato lahiya. Har yau kuma bai biya ni kuɗin turaren da ya ce in sayo masa a Madina ba.

Na cika huhu na nutsa. Abin da na gani shi ne babu. Ruwan Rima a wurin nan kamar kunun tsamiya yake, na kai tafin hannuna har ya taɓa gilashi ban ga yatsa ko ɗaya ba, kuma duk motsin da na yi da ƙafar agwagwa ƙara dama laka yake yi. Ga sanyi ya kama mini haƙora, ga gashin bakina ya hana robar gilashin kama fata, ruwa yana tsiyayowa yana taruwa a ƙarƙashin hancina. A Jidda an shafa mini man shafawa a gashin baki saboda haka, amma wannan ma yana cikin abubuwan da na manta. Na fito ina tari, na ce ina nazarin wurin ne. Na koma na biyu, bututun ya cika da ruwa, na shaƙe shi gaba ɗaya, na fito ina kakari, na ce nazarin ya kusa kammala.

A nan ne tsohon Basarken ya yi magana a karon farko, ba tare da ya ɗaga kai daga komarsa ba. Ya ce, "Malam, ruwan ga da hannu aka ganin shi." Na ce, "Na gode, Baba," na koma na uku ina lalube. Na shafa laka, na shafa wata tsohuwar leda, na bi saiwar wata bishiya da ruwa ya ci ƙarƙashinta, sai hannuna ya faɗa wani rami, na taɓo wani abu mai santsi da taushi, mai kauri kamar damtse. Zuciyata ta ce tiyon injin ne, na damƙe shi da ƙarfi.

Daga baya na karanta cewa babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta kai bolt 350, alhali ta gidajenmu 230 ce idan an kawo ta. A lokacin dai abin da na sani shi ne wani ya ɗauki taɓarya ya maka mini a gwiwar hannu, ya sake maka mini a ƙeya, haƙorana suka datse bututun, ƙafafuna suka miƙe da kansu. Shaidu sun ce na fito daga ruwa har cibiya, kuma na kira sunan Inna sau uku, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce, Allah Ya jiƙanta. Ni ina musun sau ukun, domin a bidiyon sau biyu ake ji sosai, na ukun ya haɗu da kukan wani jaki. Da na ga Kawu ya taso a firgice, sai horon Jidda ya dawo mini, na haɗa babban yatsa da manuni na yi masa da'ira, wato lafiya lau. Kawu bai san wannan alama ba, ya juya ya ce wa jama'a, "Shina cewa rami ne, ku taimake shi!" Mutum biyu suka kamo ni ta singileti suka jawo ni gaɓa, a inda na gane cewa duk wannan abu ya faru ne a ruwan da bai wuce ƙirjina ba, kuma ƙafar agwagwa ɗaya ta tafi.

Ina zaune ina karkarwa cikin rawanin wani bawan Allah, tsohon ya yi wa jikansa alama da haɓa. Yaron ya ɗauki igiya a baki, ya sulale daga kwalekwale ba tare da ko fantsama ba, can gaba da inda na yi ta fama da kusan taku goma. Ban kai ga ƙirga arba'in ba ya fito ya ce ya ɗaure, aka ja, sai ga injin Kawu yana zubar da laka. Na tambayi tsohon ko ya san da minjirya a ramin nan, ya ce, "Awo, kowa ya sani, gidanta ne, da rana nan taka kwana." Na ce to don me bai gaya mini ba, Baba? Ya ce ya ji an ce na shiga teku, sai ya ga ba shi da abin da zai koya mini. Har yanzu ina juya wannan amsa, na kasa gane ko girmamawa ce.

Kawu ya biya yaron, ni kuma ya saya mini shayi mai citta, ya ce Allah Ya yi albarka, ai niyya aka duba. Bidiyon ya zaga dangi har Yabo da Gwadabawa, wata gwaggona ta bugo waya tana kuka, ta ɗauka kada ne. Hannuna ya yi kwana biyu yana tsami, injin kuma makanike ya wanke shi ya tashi.

Ƙafar agwagwar da ta rage taubashina ya ɗauke ta daga bayan mota ba da izinina ba, ya kai wa mai tsiren bakin layinmu, yanzu da ita yake fifita garwashi. Shekaranjiya na je sayen tsire, mutumin ya ce tana da iska sosai, sai dai gefenta ya fara narkewa, ya tambaya ko akwai ɗayar. Na ce tana gulbi. Ya ce to idan an sake komawa Umara.