Sa hannu ɗaya tal, sai an ci mutuncin ɗan talaka tukuna?

Wallahi yau raina ya ɓaci matuƙa. Ƙanena ne ke neman shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, yaron nan tun yana firamare ba shi da zance sai na soja, ya rubuta JAMB ya sa NDA a zaɓin farko yadda suka ce, makinsa ya kai, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi duk yana da su, tsawonsa ma ya wuce mita 1.68 da ake nema. Abin da ya rage kawai takardar shaidar asali da fom ɗin da ƙaramar hukuma za ta sa wa hannu ta buga hatimi.

Muka je sakatariya tun da safe, ofis a garƙame, sai wajen sha ɗaya wani ma'aikaci ya shigo yana taunar goro. Na ce ranka ya daɗe barka da zuwa, takardun yaro muka kawo. Ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta latsa waya. Na maimaita. Sannan ya miƙo hannun hagu ya karɓi fayil ɗin, ya buɗe, ya ƙare wa ƙanena kallo daga sama har ƙasa, ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Kai ne za ka zama hafsa? Wa kake da shi?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce Allah. "Kowa ma yana da Allah, ni janar ko sanata nake tambaya." Na danne zuciyata na ce Malam sa hannu kawai muke so. Ya ce ciyaman ba ya gari, sakatare ya tafi mitin, hatimi na cikin durowa kuma mai makullin bai zo ba, "amma idan kun gane, za a duba." Na ce idan akwai kuɗin hukuma a faɗa mini in biya a ba ni rasit. Jin kalmar rasit kawai sai ya wurgo fayil ɗin, hotunan fasfo suka watse a ƙasa, ya ce in je Abuja a ba ni rasit. Ƙanena ya durƙusa yana tsintar hotunansa a gaban mutane, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Haba jama'a! Mutumin da albashinsa daga harajinmu yake fita!

Kuma abin da ya fi ci min rai, shekarun shiga daga 17 ne zuwa 21, yaron nan bana ce damarsa ta ƙarshe, bara gyaran ranar haihuwa a NIN ne ya cinye mana lokaci har aka rufe, ga kuɗin kafe ga na hoto ga na mota, mahaifiyarmu har tunkiyarta ta sayar. Kuma fa ko an sa hannun ba a gama ba, akwai jarrabawar tantancewa, akwai intabiyu da gwajin lafiya da gudu, sannan shekara biyar ana gasa shi a makarantar da ke Afaka kafin a liƙa masa anini. Daga nan ina za a tura shi? Sambisa ko dazukan Zamfara, inda 'ya'yan masu hannu da shuni ba sa rububin zuwa.

Gwamnati kullum tana kukan tsaro ya lalace, matasa su fito su yi kishin ƙasa, to ga wanda ya fito da ransa a hannu an mayar da shi almajirin hatimi. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, me ya canza a ƙauye? Ciyamomi suna birni sun tare, sakatariya sai ranar albashi take cika. Mu ma da namu laifin, a kan layin nan har wani dattijo yake ce min in ba shi na goro a wuce wurin, haka ƙasar take. Da irin wannan maganar aka lalata komai! Ni kam ko sisi ba zan bayar ba, gobe gidan hakimi zan fara zuwa da yaron da takardunsa, daga can sai gidan rediyo.