Lambar kakanka ba kayan gwangwan ba ce

Samari 'yan uwana yau dai sai na faɗa, mai jin haushi ya ji.

Shekaranjiya na bi ta wajen 'yan gwangwan nan Injamena ina neman murfin tankin babur, sai na hango lambar soja cikin tulin kusoshi da matattun kwaɗuna, ta tagulla, takubba biyu a gicciye, ƙyallen ja mai ratsin kore duk ya koɗe. Irin wadda Faransa ta ba sojojin yaƙin duniya na biyu. Mai kayan ya ce wani yaro ya kawo ta tare da matacciyar fanka, a kilo ya saya. A kilo fa jama'a!

Kun san me aka ɗora a sikelin nan? Tun 1940 da gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, aka kwashi mazajen ƙasar nan, kwamandan Faransa Leclerc ya ratsa sahara da su ta garin Faya har suka ci Kufra ta Libiya a Maris 1941, wasu ko kabarinsu ba a sani ba, wannan ɗan ƙarfen kaɗai ya dawo gida. Kuma lambar Faransa ba a zana mata suna, da ta rabu da takardun da ke akwati shi kenan ta zama marainiya, wa za ka kai wa?

Ni Allah ya taimake ni mai gwangwan ya san unguwar yaron, na saya, bulama ya raka ni gidan. Tsohuwa ta karɓa tana goge ta da bakin mayafi, ta ce ta babanta ce, tana goye ya tafi. Hajiya ba ta ma san an buɗe akwatin ba.

Jikan nata kuwa cacar ƙwallo ya zuba kuɗin. Wanda bai san darajar goro ba shi ke cewa ɗanyen rogo ya fi shi. Ku da rabin wando a ƙasa da tiramol a aljihu, tukunyar kaka kun sayar, tasoshin jere kun sayar, yanzu kun kai ga lambar mamaci, gobe sai me?

In kun ga irinta ku saya ku yi cigiya ko a masallaci ne. Muna yara in tsohon soja ya maƙala tasa a babbar riga ya fito, ko manya tashi suke su gaishe shi, mu ko taɓawa ba ma yi. Shi yaron nan ina gidan ya shigo, ko durƙusawa bai yi ba, waya na kunne ya wuce ɗaki.